Tseren da Babu Abokin Tsere: Tarihin Wasan Out Run

A watan Satumba na shekarar 1986, kamfanin Sega ya fara raba wata sabuwar na'ura ga gidajen wasannin bidiyo na ƙasar Japan. Jan akwati ne mai siffar mota, da kujera da sitiyari da totur da birki da sandar giya. Duk wanda ya shiga ya jefa kuɗinsa, abin da zai fara gani a allo shi ne rediyon mota, ana jiran ya murɗa sitiyari ya zaɓi kiɗan da zai raka shi. Bayan ya zaɓa, sai ga shi cikin jar Ferrari marar rufi, wata mace na zaune a gefensa, bishiyoyin kwakwa sun jeru a bakin titi, sararin sama kuma shuɗi ne tas babu ko ɗigon hadari. Wani mutum zai kaɗa tuta, tafiya ta fara.

Sunan wasan Out Run. A kowane littafin tarihin wasannin bidiyo ana sanya shi a sahun wasannin tseren mota, alhali kuwa babu tsere a cikinsa. Ba a bayar da na ɗaya ko na biyu. Motocin da ke kan titin, daga ƙananan motoci har manyan tireloli, matafiya ne kawai da za a kauce musu. Shi kansa wanda ya ƙirƙiro shi, Yu Suzuki, ya sha faɗa cewa wasan tuƙi ya yi, ba wasan tsere ba.

Wannan bambanci, duk da ƙanƙantarsa a baki, shi ne silar da ta sa ake ci gaba da ambaton wasan kusan shekara arba'in bayan fitowarsa, a lokacin da aka manta da akasarin tsararsa. Tarihinsa kuma ya ƙunshi wata tambaya da ta wuce batun wasa: idan aka gina abin jin daɗi a kan ƙarfe da lasisin kamfani da ɗabi'ar wani zamani, me zai rage bayan ƙarfen ya yi tsatsa, lasisin ya ƙare, zamanin ya shuɗe?

Kafin zuwan jar motar

Wasan tseren mota ya kusa zama sa'an masana'antar wasannin bidiyo kanta. A shekarar 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10, wanda ake kallon motar daga sama kamar yadda shaho ke kallon ƙasa, amma ana tuƙa ta da sitiyari na gaske. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Taito na Japan ya fitar da Speed Race, aikin Tomohiro Nishikado, mutumin da daga baya ya ƙirƙiro Space Invaders. A 1976 Atari ya zo da Night Driver, inda aka yi dabarar mayar da tafiyar ta dare domin na'urar ba ta da ƙarfin zana komai sai fararen turaku a gefen hanya. Sega ma ya shiga fagen da Monaco GP a 1979 da Turbo a 1981.

Wanda ya kafa ƙa'idar da kowa ya bi shi ne Pole Position na kamfanin Namco, a 1982. Ya ɗauko filin tsere na gaske, wato Fuji Speedway da ke gindin dutsen Fuji, ya ajiye idon mai wasa a bayan mota, ya kuma wajabta masa zagayen neman gurbi kafin a bar shi ya shiga tseren. Wasa ne mai tsanani: da zarar ka taɓa wata mota ko allon talla, motarka ta tarwatse da wuta. Ya yi kasuwa ƙwarai, musamman a Amurka, kuma ya koya wa masu ƙirƙira cewa wasan mota yana nufin gasa da hukunci.

Sai dai a tsakiyar shekarun 1980 gidajen wasa sun shiga tsaka mai wuya. A Amurka kasuwar wasannin bidiyo ta faɗi warwas a 1983. A Japan kuwa, a wannan shekarar ce Nintendo ya fitar da Famicom, na'urar da ake jona wa talabijin a gida, yara suka fara samun abin da a da sai sun fita waje. Bugu da ƙari, gidajen wasan Japan sun yi ƙaurin suna a matsayin matattarar hayaƙin taba da yaran da suka gagari iyaye, har aka yi wa dokar wuraren shaƙatawa gyaran da ya fara aiki a 1985, wanda ya hana su aiki bayan tsakar dare. Tambayar da ke gaban kamfanoni irin su Sega ita ce: me zai sa mutum ya bar ɗakinsa ya je ya biya yen 100 domin wasan minti uku?

Amsar da Sega ya bayar ita ce a ba shi abin da ba zai shiga ɗakinsa ba. Daga nan aka samu jerin na'urorin da Japanawa ke kira taikan, ma'ana waɗanda ake ji a jiki. Na farkonsu shi ne Hang-On a 1985, babur sukutum da mai wasa zai hau ya riƙa karkata jikinsa kafin ya sha kwana. Space Harrier ya biyo baya a ƙarshen wannan shekarar da kujera mai motsi. Duka biyun aikin wani matashi ne, Yu Suzuki, haifaffen lardin Iwate a 1958, wanda ya shiga Sega a 1983 a matsayin mai rubuta manhaja.

Mako biyu a titunan Turai

Suzuki ya ce tunanin Out Run ya samo asali ne daga fim ɗin The Cannonball Run na 1981, labarin barkwanci na masu tsere daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan. Da farko ya nemi kamfani ya tura shi Amurka ya ga hanyoyin da idonsa. Ba a yi hakan ba. A cewar waɗanda suka yi aikin, shugaban Sega na lokacin, Hayao Nakayama, yana ganin Turai ta fi aminci, shi ma Suzuki ya lura cewa Amurka ta cika faɗi, mutum zai yi tafiyar awanni yanayin ƙasa bai sauya ba. Wasan da zai ƙare cikin mintuna kaɗan kuwa yana buƙatar ƙasar da ke sauya fuska nan da nan.

Saboda haka ya sauka a birnin Frankfurt na Jamus, ya yi hayar mota ƙirar BMW 520, ya shafe kimanin mako biyu yana yawo da kyamara: tsaunukan Alps na Suwizalan, gaɓar tekun kudancin Faransa, Monako, Milan, Florence da Roma. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma abin da ya gani a wannan tafiya shi ne ya zama zangunan wasan, da gonakin alkama da na inabi da tsofaffin gine-ginen dutse da garuruwan bakin ruwa. A Monako ne ya ga Ferrari Testarossa, motar da ta fito a 1984, mai faɗin baya da zane-zanen shaƙar iska a ƙofofinta. Da ya koma Japan, sai ya sa abokan aikinsa suka nemo irinta suka ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa.

Akwai wani abin lura a nan. Ferrari bai taɓa sayar wa jama'a Testarossa marar rufi ba. Guda ɗaya tak kamfanin ya ƙera a hukumance, a 1986, domin Gianni Agnelli, shugaban Fiat. Ke nan motar da miliyoyin matasa suka tuƙa a allo mota ce da ko attajirai ba sa iya saye a shago. Kuma Sega bai nemi izinin Ferrari ba kafin ya sanya ta, har da tambarin dokin nan a bayanta. A wancan zamani ba a cika damuwa da irin wannan ba, amma za mu ga yadda batun ya dawo ya addabi wasan.

Mutum goma ne suka yi aikin: masu rubuta manhaja huɗu, masu zane biyar, da mai kiɗa ɗaya, cikin kimanin wata goma. Idan aka kwatanta da manyan wasannin yau, waɗanda ɗaruruwan ma'aikata ke shafe shekaru a kansu, wannan tawaga ba ta wuce cikin motar haya guda ba.

Yadda aka yaudari ido

Na'urorin 1986 ba su da ƙarfin gina duniya mai tsawo da faɗi da zurfi kamar yadda wayar hannu ke yi a yau. Duk zurfin da ake gani a Out Run dabara ce. Kowace bishiya, kowane dutse, kowace tirela, hoto ne shimfiɗaɗɗe kamar wanda aka yanko daga takarda. Abin da na'urar ke yi shi ne ta nuna hoton ƙarami idan yana nesa, ta riƙa ƙara masa girma cikin sauri yayin da motar ke tunkararsa, har ya wuce ta gefe. Idan aka yi haka ga hotuna da yawa lokaci guda, sai ido ya yarda cewa gudu ake yi. Wannan fasaha ita ce daga baya aka yi wa laƙabi da Super Scaler, kuma da ita aka gina Hang-On da Space Harrier, da After Burner na 1987.

Shi kuwa titin, layi-layi ake zana shi daga ƙasan allo zuwa inda ƙasa ta haɗu da sama. Idan aka ture kowane layi kaɗan zuwa dama fiye da wanda ke ƙarƙashinsa, sai titin ya lanƙwasa. Idan aka sauya tazarar layukan, sai ya zama hawa ko gangara. Titin Pole Position a shimfiɗe yake kamar tabarma. Na Out Run kuwa yana hawa yana sauka, har yakan ɓoye wa direba abin da ke bayan tudu. An kuma ba na'urar ikon zana tituna biyu a lokaci guda, su rabu su sake haɗuwa, wanda shi ne ya ba da damar mararrabar da za mu zo kanta.

Domin ɗaukar wannan nauyi, an sanya wa na'urar ƙwaƙwalwa biyu ƙirar Motorola 68000, irin wadda ke cikin kwamfutar Macintosh ta farko, da wata ƙarama ta uku mai kula da sauti kaɗai. An fitar da akwatin iri huɗu: biyu na tsaye, biyu na zaune. Na zaunen suna da injin da ke karkata kujera idan an sha kwana, ya kuma girgiza ta idan an yi karo. Wanda ya taɓa shiga mafi tsadarsu yakan ce rabin wasan a ƙugu da kafaɗa ake jin sa.

Kiɗan ma wani ɓangare ne na tuƙin. Hiroshi Kawaguchi ya tsara waƙoƙi uku da za a zaɓa, Passing Breeze da Splash Wave da Magical Sound Shower, da ta huɗu mai sanyi, Last Wave, wadda ke tashi bayan an gama, lokacin da mai wasa ke rubuta harufan sunansa. Salon ya haɗa kiɗan Latin Amurka da irin jaz ɗin zamani da ake yayi a Japan a lokacin. Kafin wannan, sautin wasan mota bai cika wuce gurnanin inji da ƙarar taya ba. Ba mai wasa zaɓin kiɗa kafin ya taka totur wata sanarwa ce cewa motar tasa ce, yinin ma nasa ne.

Mararraba, da agogon da ke bayanta

Tsarin tafiyar mai sauƙi ne. Kowa yana farawa daga zango ɗaya, Coconut Beach. A ƙarshensa titin ya rabu biyu, hagu ko dama. Haka za a yi ta yi har zango na biyar. Zango na farko ɗaya ne, na biyu biyu, na uku uku, na huɗu huɗu, na biyar biyar: jimla 15, an jera su kamar dala, da hanyoyi 16 da za a iya bi zuwa ɗaya daga masauki biyar. Babu wanda zai ga fiye da kashi ɗaya cikin uku na wasan a tafiya guda, ko da ya kai ƙarshe.

Kowane masauki yana da ɗan wasan barkwancinsa. A ɗaya, jama'a suna ɗaga direban sama suna murna, sai hankalinsu ya koma wani wuri su bar shi ya faɗo. A wani, motar ce ke wargajewa da zarar an tsaya. A wani kuma, kofin nasara ya tsallake shi a miƙa wa abokiyar tafiyarsa. Ko haɗari ma ba ya zuwa da wuta: motar takan yi tsalle ta wuntsila, su biyun su zube a gefen titi, sannan a mayar da su a ci gaba. Suzuki ya ce ba ya son wasannin da mota ke fashewa saboda ɗan kuskure. Yana so mai wasa ya ji cewa shi gwani ne. Shi ya sa aka yi titin da faɗi, giya biyu kawai, gudun kuma ya kai kilomita 293 a awa.

Amma fa kada mai karatu ya ɗauka sadaka Sega ya yi. A saman allon akwai agogo da ke ƙirga daƙiƙoƙi zuwa sifili. Isa ƙarshen zango yana ƙara lokaci kaɗan. Haɗari ɗaya ko biyu sun isa su cinye shi. Idan ya ƙare, motar ta tsaya cak, a nuna maka taswirar inda ka kai da sauran hanyoyin da ba ka gani ba. Mai gidan wasa kuma yana da wasu 'yan makunnai a cikin akwatin da zai iya rage lokacin ko ƙara cunkoson motoci da su. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san wannan lissafi daga shagunan gem na unguwa, inda mai shago ke karɓar kuɗi kafin ya miƙa maka abin dannawa, yana kuma duban layin yaran da ke jira a bayanka. Ribar wurin tana cikin saurin tashin mai zama.

A nan gwanintar Out Run take. An tsara shi domin ya kore ka cikin mintuna kaɗan, amma an yi masa suturar hutu da walwala, ta yadda za ka tashi kana jin an katse maka yawon shaƙatawa, ba kayar da kai aka yi ba. Wanda aka kayar yakan yi fushi ya tafi. Wanda aka katse wa daɗi kuwa yakan laluba aljihu.

Yadda duniya ta karɓe shi

Wasan ya zo a kan gaɓa. Bayan yarjejeniyar Plaza ta Satumban 1985, darajar yen ta yi tashin gwauron zabo, Japan ta shiga shekarun da farashin filaye da hannun jari suka kumbura, tafiya Turai da kayan ƙawa na waje suka zama abin yayi. A Amurka kuma, a kakar 1986 ne shirin talabijin na Miami Vice ya ba jaruminsa farar Testarossa. Motar ta zama tambarin zamanin, hotonta na manne a bangon ɗakunan samari. Out Run ya sayar da minti biyar na wannan mafarki a farashin kwabo ɗaya.

Ya zama ɗaya daga na'urorin da suka fi kawo kuɗi a 1987 a Japan da Amurka da Birtaniya. An ruwaito cewa Sega ya sayar da akwati kusan 20,000 kafin ƙarshen wannan shekarar, adadin kuma ya kai 30,000 zuwa 1994. Ga na'ura mai wannan girma da tsada, ba ƙaramin ciniki ba ne.

Da aka zo mayar da shi na gida ne matsala ta fito fili. A Birtaniya kamfanin U.S. Gold ya fitar da shi a kan ƙananan kwamfutoci irin su ZX Spectrum da Commodore 64 da Amstrad CPC a jajibirin Kirsimetin 1987. Waɗannan na'urori ba su da ko kusa da ƙarfin akwatin asali: gudun ya ragu, launuka sun dushe, a wasu ma tafiyar ta koma ta hawainiya. Domin cike giɓin kiɗa, sai aka haɗa wa masu saye kaset ɗin waƙoƙin asali su kunna a rediyonsu yayin wasa. Duk da haka an ruwaito sayar da kwafi fiye da 250,000 a wannan kaka, kuma masu karatun mujallun wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara a lambar yabo ta Golden Joystick. Mutane sun sayi tunawa da abin da suka ji a gidan wasa, ko da abin da ke cikin kwalin inuwarsa ce kawai. Sega ya fitar da nasa a Master System a 1987 da Mega Drive a 1991, amma sai a 1996, a kan Saturn, aka samu na gida da ya yi daidai da na asali a ido. Ko a nan ma kujerar ba ta motsi.

Ba a rasa masu suka ba. Wasu sun ce wasan gajere ne, babu zurfi, da zarar ka haddace kwanoninsa ka gama da shi. Daga baya kuma an soki matsayin macen da ke gefen direba, wadda ba ta da suna a allo kuma ba ta da aiki sai zama da nuna yatsa idan an yi kuskure. An ajiye ta ne a jerin kayan ƙawa tare da motar da bakin tekun. Wannan suka tana da tushe, kuma tana nuna wa wanda aka gina mafarkin.

Masu kwaikwayo sun yi yawa. Square ya fitar da Rad Racer a 1987, Taito ya ƙara 'yan sanda da ɓarayi ya fitar da Chase H.Q. a 1988. Sega da kansa ya yi Turbo OutRun a 1989, tafiya daga New York zuwa Los Angeles, inda aka mayar da abokin hamayya cikin wasan. Bai samu ƙaunar da na farko ya samu ba.

Lokacin da zamani ya juya

A farkon shekarun 1990 fasahar ta sauya. Virtua Racing na 1992, wanda shi ma aikin sashen Suzuki ne, ya gina motoci da titi da siffofi masu zurfi na gaske. Ridge Racer na Namco ya biyo a 1993, Daytona USA na Sega a 1994. Dabarar faɗaɗa hoto ta zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru. Sannan Gran Turismo ya fito a PlayStation a 1997 da motoci masu lasisi fiye da ɗari da jarrabawar tuƙi, ya karkata kasuwar zuwa kwaikwayon gaskiya. Na'urar gida ta kamo ta gidan wasa, dalilin fita waje ya ragu.

Sega ya dawo da OutRun 2 a 2003, wannan karon da cikakken izinin Ferrari, da mararraba da dalar zango 15 kamar da. Masu sharhi sun yaba masa ƙwarai. Sai dai lasisi haya ce, ba mallaka ba. OutRun Online Arcade, wanda aka fitar a 2009 domin saukewa ta intanet, an janye shi daga kasuwa cikin ƙasa da shekara uku saboda yarjejeniyar Ferrari ta ƙare. Shi ma wasan asali, a fitowarsa ta baya-bayan nan a kan Nintendo 3DS da Switch, an sauya wa motar siffa, an cire dokin. Wanda ya sayi Out Run a hukumance yau yana tuƙa wata jar mota ce marar dangi.

Gidajen wasan ma sun bi sahu. A 2020, cikin annobar korona, Sega ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa na kamfanin da ke gudanar da gidajen wasansa ga Genda, ya sayar da ragowar a farkon 2022, aka sauke tambarin Sega daga gine-ginen aka sa GiGO. Akwatunan 1986 da suka rage suna hannun masu tara kayan tarihi da gidajen adana kayan fasaha, inda ake fama da neman kayan gyaran injin kujera da tsofaffin allunan talabijin da aka daina ƙerawa. Wani muhimmin aikin adanawa ma masu sha'awa ne suka yi shi a kyauta: manhajar CannonBall, wadda aka warware lissafin wasan asali aka sake rubuta shi domin ya yi aiki a kwamfutocin zamani.

Abin da ya rage

Ƙarfen ya tsufa, motar ta koma hannun masu ita, gidajen wasan sun sauya suna. Abin da ya tsira shi ne wanda ba a iya yi wa rajista: yanayin. A 2013 mawaƙin Faransa Kavinsky ya sanya wa kundinsa suna OutRun, ya gina shi a kan labarin wani saurayi da Testarossa a 1986. Daga nan kalmar ta zama sunan wani salon kiɗan na'ura da zane, mai jar rana tana faɗuwa a bayan dogon titi. Da yawa daga masu sauraronsa ba su taɓa zama a akwatin ba, kuma abin mamaki, salon nasu na dare ne da fitilu, alhali wasan ya fara ne da hantsi a bakin teku. Haka tunawa take yi wa tarihi: ta ɗauki suna, ta sauya masa launi.

A cikin wasanni kuwa, zuriyarsa a bayyane take. Horizon Chase, wanda wani kamfanin Brazil ya fitar a 2015, ya dawo da shuɗin sama da titi mai hawa da sauka da gangan. Jerin Forza Horizon, da ya fara a 2012, ya gina kasuwa mai girma a kan tunanin da Suzuki ya ɗauko daga titunan Turai: kyakkyawar mota, kyakkyawar ƙasa, rediyo a kunne, ka bi inda ka ga dama. A yau ba wanda ke mamakin wasan mota da ke barin mutum ya zaɓi kiɗa ko hanya, kuma wannan rashin mamakin shi ne girman tasirin.

Darasin da ke ciki ya shafi duk mai ƙirƙira, ko fim yake yi ko manhaja ko littafi. Tsarar Out Run da suka yi gasar nuna ƙarfin na'ura sun mutu ranar da na'ura mafi ƙarfi ta fito. Shi kuwa ya yi amfani da ƙarfin ne domin isar da wani abu da ɗan Adam ya sani tun kafin a ƙera mota: daɗin kama hanya da safe, gari na gaba ba a san kamanninsa ba, ga mararraba tana tafe. Ya kuma faɗi gaskiyar da ke tare da wannan daɗin, ko da don neman kuɗi ya faɗe ta, wato lokaci ƙidayayye ne, kuma duk hanyar da ka ɗauka akwai wadda ka bari.